Hutun kwana uku a gonakin inabi na Cape: ni ba na shan giya, abokin tafiyata yana sha

Sani Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Wurin aiki za su tura mu taro Cape Town, a Afirka ta Kudu, a makon ƙarshe na Janairu, ni da abokin aikina Bulus, mutumin Jos. Taron zai tashi ranar Alhamis da yamma, jirginmu kuma sai Litinin. Ke nan Juma'a, Asabar da Lahadi namu ne.

Bulus ya kafe sai mun je yankin gonakin inabi, wajen Stellenbosch da Franschhoek. Shi yana ɗan taɓa giyar inabi, ni kuwa ko a mafarki. Ba na so mu raba tafiya, don mutumin kirki ne, kuma kuɗin mota da na masauki rabawa za mu yi. Ni abin da ke ja na shi ne abinci, an ce can ne cibiyar girkin ƙasar baki ɗaya. To amma wanda ba ya sha, akwai abin da zai je yi, ko zaman jiran abokinsa kawai zai yi a mota? Ina zan sami naman da hankalina zai kwanta da shi? Ina zan yi sallar Juma'a? A wane gari ya fi mu kwana? Bulus ya rubuto gonaki tara a takarda, wai duk za mu zaga.

Bilkisu Zazzau

Wa alaikumus salam, Malam Sani. A Jami'ar Stellenbosch na yi karatuna na ƙarshe, ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ban taɓa rasa wurin zuwa a ƙarshen mako ba. Abu na farko, ka karɓi takardar nan ta Bulus ka soke shida. Gona tara a kwana uku aikin direban tasi ne. Gonakin can ba shaguna ba ne da za a leƙa a fito. Kowace da lambunta, da tsohon gininta, da gidan abincinta, kuma babban abincinsu na rana ne. Da yawa suna rufe ɗakin ɗanɗanon giya wajen ƙarfe biyar, wasu ko abincin dare ba sa yi. Ku ɗauki gona ɗaya babba a wuni, ku kama tebur tun kafin ku bar Najeriya don Janairu lokacin baƙi ne, sauran lokacin ku ba wa hanya da gari.

Ku kwana a Stellenbosch. Kimanin kilomita 50 ne daga Cape Town, kuma gari ne na gaske mai ɗalibai da shaguna da masallaci. Franschhoek ta fi kyau a hoto, amma kusan titi ɗaya ne da gidajen abinci masu tsada a jere, da dare kuma sai ka rasa inda za ka sayi ko burodi. Gwamna Simon van der Stel ne ya kafa Stellenbosch a 1679, kuma har yau titin Dorp na nan da fararen gidajen Holan da manyan itatuwan oak da suka rufe sama. Da sassafe ka bi shi da ƙafa, kafin motoci su fito, za ka ji ruwa na gudu a ƙananan magudanai a gefen titi.

Juma'arka tana titin Banhoek, masallacin Gujjatul Islam, daf da jami'a. An gina shi a 1897. Idan ka ga masallaci a tsakiyar gari amma gidajen masallatan suna can nesa, dalili shi ne unguwar da ke kewaye da shi, Die Vlakte, gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta ta fararen fata a 1964, aka kwashe mutane zuwa Cloetesville da Idas Valley. Masallacin ya tsaya a inda yake, mutanensa ke tahowa da mota. Yawancinsu Shafi'awa ne, kada ka yi mamakin jin bisimilla a bayyane a sallah. Alƙibla kuma ba gabas ba ce, arewa ce ka ɗan karkata gabas kaɗan. Ka duba a waya kafin ka shimfiɗa darduma a masauki, don jikin Bakano gabas zai nufa da kansa.

Yanzu maganar ciki, wadda ita ce ta kawo ka.

Cape na da Musulmi da yawa, saboda haka naman halal ba wahala ba ne a gari. A manyan kantuna ka duba hatimin hukumomin tantance halal, MJC ko SANHA ko NIHT, a jikin leda. A gonaki ne ake buƙatar buɗe ido. Hukumomin nan galibi ba sa ba da takarda ga wurin da ake sayar da giya, don haka abin da za ka riƙa ji shi ne, "Namanmu daga mahautar halal muke sayowa." Sau da yawa gaskiya ne, amma a kicin ɗin da ake soya naman alade ake dafa shi. Ni a gona kifi da ganye da cuku da burodi nake ci, nama in bari sai na koma gari. Kai ka san inda naka ma'aunin ya tsaya.

Ko kifin ma ka yi tambaya. Masu girkin can suna zuba giya a tukunya ba tare da sun ɗauke ta a bakin komai ba: farar a romon kifi, jar a miyar da ake kwararawa a kan naman rago, burandi a wani kek mai dabino da suke ji da shi. Kada ka tambayi mai kawo abinci ko abincin halal ne, zai yi murmushi ya ce eh don ya faranta maka. Ka ce masa ya shiga ya tambayi mai girki ko an sa giya ko wani abu na alade a wannan kwanon. Sun saba da tambayar, ba wanda zai yi maka kallon baƙauye. Tsiran nan nasu mai naɗi, boerewors, yakan zo da alade a ciki sai dai na mahautar Musulmi. Biltong kuwa ɗan'uwan kilishi ne da ba a shafa masa labu ba, mai kauri, gishiri da tsami da ƙamshin koriyanda. Shi ma ka nemi mai hatimi.

Ga abin da nake so ka ci kafin ka dawo. Bobotie: niƙaƙƙen nama da kori da busasshen inabi, a rufe samansa da ƙwai da madara a gasa, a kawo shi da shinkafa mai kurkum. Cokalin farko zai ba ka mamaki don akwai zaƙi a cikin nama, na uku kuma ka daina magana. Sai kifin snoek, dogo mai ƙaya, da ake gasawa a kan garwashi ana shafa masa jam da tafarnuwa. Sai bredie na tumatir, naman rago da aka bari a wuta har ya saki ƙashi. Yawancin wannan girki daga hannun bayin da kamfanin Holan ya kwaso daga Indunusiya da Indiya da Madagaska da gabar Afirka ta Gabas ya fito, kuma jikokinsu Musulmi su suka fi iya shi har gobe. Don haka mafi daɗin bobotie ba a gona za ka same shi ba, sai a ƙananan gidajen abincin Musulmi, a Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi a Cape Town, ko a unguwannin Stellenbosch da Paarl, a kan kuɗin da bai kai rabin na gona ba.

In ni ce, ga yadda zan raba kwanakin. Juma'a ku taso da hantsi ta babbar hanyar N2, ku ratse Macassar. Can ne kabarin Shehu Yusuf, malamin da Holan suka kamo daga yankin Indunusiya saboda ya yaƙe su, suka fara ajiye shi a Silan, wato Sri Lanka ta yau, sannan suka kawo shi Cape a 1694 suka sauke shi a gonar Zandvliet, nesa da gari, don kada ya haɗu da bayi. Bayin da suka gudu sai suka riƙa zuwa wurinsa. Ya rasu a 1699. Ban shiga gardamar ziyarar kabari ba, kowa da malaminsa, amma ko daga kan tudun ka tsaya ka ga inda Musulunci ya fara kafa ƙafa a ƙasar, kuma gonakin inabi na kallonka daga can gefe. Daga nan Stellenbosch ba nisa, ka sami Juma'a, Bulus ya sha kofi a gari.

Asabar ta Babylonstoren ce, tsakanin Paarl da Franschhoek. Gonar ta samo asali tun 1692, kuma abin da ya fitar da sunanta lambu ne mai faɗin gaske, wanda kusan duk abin da aka shuka a ciki ana ci ko ana magani da shi. Ana biyan kuɗin shiga, da safe kuma ma'aikacin lambu yakan zaga da baƙi. Nan ne za ka gane ba jiran Bulus ka zo yi ba. Mutumin zai tsinko ganye ya murje a tafin hannunka ya ce ka shinshina, ya ɓare maka ɓaure ko fulam da ya nuna a kan uwarsa, da ɗuminsa na rana, ruwan na bin yatsunka. Agwagi na wucewa a layi, kaji na tono a gindin itatuwa. A gidan abincinsu, Babel, har da launi suke jera kwanon ganye da 'ya'yan itace, akwai kore, akwai ja, akwai rawaya, duk daga abin da aka tsinko da safen. Bulus ya tafi ɗakin ɗanɗanonsa na awa ɗaya, kai ko rabin lambun ba ka gama ba.

Da la'asar ku bi hanyar da ta nufi Franschhoek daga Paarl, ku tsaya a ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster. Ta wannan ƙofar Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990, kuma gunkinsa na nan ya ɗaga dunƙulallen hannu. Gidan yari ne mai aiki, hoto a waje kawai. Ku ƙarasa Franschhoek ku ga abin tunawa da Faransawan nan 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu aka ba su filaye a kwarin a 1688, sannan ku koma ta hanyar tsaunin Helshoogte. Za ku ratsa Pniel, ƙauyen da aka kafa a 1843 don bayin da aka 'yanta. Rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas saura, kuna da lokaci.

Lahadi ku sassauta. Ko Fairview a Paarl, inda awaki ke hawa wata hasumiya mai matakala a zagaye, kuma ana ɗanɗana cuku iri-iri ba dole sai da giya ba; ko Vergelegen a Somerset West, mai itatuwan kafur da suka haura shekara 300, da Morgenster a maƙwabtanta inda ake ɗanɗana man zaitun a ƙananan kofuna. Ni na fi son ta biyun, kuma ta fi kusa da hanyar filin jirgi.

Zafi fa akwai shi. Ƙarshen Janairu tsakiyar bazararsu ce, Paarl takan wuce digiri 35. Lokacin ne kuma ake fara yankan inabi, za ku ga taraktoci na jan akwatuna a hanya.

Malam Habu Gusau

Malam Sani, Hajiya ta yi bayani mai amfani, Allah ya saka. Amma akwai abin da ba a taɓo ba. Ba sha kaɗai aka hana mu ba. Hadisi ya zo da hani ga mai imani da Allah da ranar lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Kallon lambu da cin inabi halal ne, inabi ni'ima ce da Alƙur'ani ya ambata. Amma idan abokinka ya ce a kawo masa kwalba a teburin da kake cin kifinka, ka shiga wurin da aka ce kada ka shiga. Sannan kuɗin shigar da za ka biya, gonar giya ka ba wa. Ni da za ka ji tawa, ka zauna Cape Town, ka hau Dutsen Tebur, ka je tsibirin Robben, ka yi sallah a masallacin Auwal da aka kafa tun 1794, ka bar Bulus ya je ya dawo. Ban ce ka yi faɗa da shi ba, maƙwabtaka da abota suna da haƙƙi.

Bilkisu Zazzau

Allah ya gafarta Malam, maganar tebur gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na ce a raba awa ɗaya. Abokaina na makaranta da ke sha sun san ƙa'idata: ɗakin ɗanɗano nasu ne, teburin abinci namu ne gaba ɗaya, kuma a kansa ruwa ne da jus. Ba wanda ya taɓa jin haushi. In an faɗa wa mutum tun a gida, ba a gaban mai kawo abinci ba, abin ba ya zama cin fuska. A gonar Boschendal ma kwandon abinci suke ba ka ka je ƙarƙashin itace ka zauna a ciyawa, ka ga nan kai ke da iko da shimfiɗarka. Maganar kuɗin shiga kuwa na bar wa malamai, sai dai wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana iya tsayawa kan man zaitun, da rumfunan 'ya'yan itace na bakin hanyar R44, da hanyoyin tsauni, ba tare da ya taka gonar da ake matsa giya ba.

Wani abu da ya kamata ka sani, Malam Sani: za a miƙo maka kwalba a ce ai wannan an cire mata barasa. Giya ce aka gama haɗawa sannan aka zare barasar, kuma takan rage kaɗan, har kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ni ba na sha. Ka nemi jus ɗin inabi zalla, ko Grapetiser da Appletiser masu gas, ko shayin rooibos mai sanyi.

Baba Istifanus Kagoro

Sani ɗana, gaisuwa. Ni Kirista ne kamar abokinka, kuma na je wurin nan da mai ɗakina bayan na yi ritaya. Saƙona na Bulus ne, ka karanta masa.

Bulus, gona tara hauka ne, 'yata Bilkisu ta faɗi gaskiya. A kowane ɗakin ɗanɗano za a zuba maka kala biyar ko shida, kaɗan-kaɗan. Kafin ka gama gona ta uku harshenka ya mutu, ba ka bambance mai tsada da mai araha. Akwai ɗan bokiti a kan tebur, na tofarwa ne, masu sana'ar ma tofarwa suke yi, ba abin kunya ba ne. Ka ci abinci kafin ka fara.

Abu uku za ka nema. Pinotage, jar inabin da ƙasar ta ƙirƙiro da kanta: wani farfesa na Stellenbosch, Abraham Perold, ya haɗa Pinot Noir da Cinsaut a 1925. Wasu na sonta, wasu na cewa tana warin hayaƙi. Ka gwada ta gonar Kanonkop kafin ka yanke hukunci. Sai Chenin Blanc, farar da suka fi shukawa, ita ta dace da zafin Janairu da kifi. Sai mai kumfa da suke kira Cap Classique, wadda gonar Simonsig ta fara yi a 1971. In ka ga lokaci ya ƙure, gonar Groot Constantia na cikin Cape Town kanta, tun 1685, kana iya zuwa da yamma a kwanakin taro ba sai ka ja Sani ba.

A Franschhoek akwai ɗan jirgin ƙasa da motoci masu buɗaɗɗen gefe da ke zagaya gonaki, ka sauka inda kake so ka hau na gaba. An yi shi ne don masu sha kada su tuƙa. Ku kuwa Allah ya ba ku direban da ba ya sha, sai dai a hagu ake tuƙi, sitiyari a dama. Sani, ka yi hankali a shataletale, nan ne hannu ke komawa gida. Bulus, ko kofi ɗaya ka sha kada ka karɓi makulli, dokarsu tana da tsanani kuma suna tare hanya. Daga filin jirgi ku tsaya a kan babbar hanya, kada ku bi gajeriyar da waya za ta nuna muku, kada kuma ku tsaya a gefen titi da dare.

Ka ba mai zuba maka tukwici, kashi goma cikin ɗari ko fiye. Ina da dalili. Shekaru aru-aru a gonakin nan ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, safe da rana da yamma. Doka ta hana tun farkon shekarun 1960, amma abin ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990, kuma har yau yankin na cikin wuraren da aka fi haifar yara da lahanin shan giyar uwa a duniya. Yarinyar da ta zuba mana a wata gona ta ce kakanta a wannan gonar ya yi aiki, ita ce ta farko a gidansu da ta tsaya ta wannan gefen teburin. Ka tambaye su labari, sun fi takardar da ke jikin kwalba sani.

Kwalaben da za ka saya kuma a jakarka za su zauna. Kada ka ce Sani ya riƙe maka ko ɗaya don nauyi ya yi yawa, shi Kano zai sauka.

Sani Ɗan Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na karanta wa Bulus, ya yi dariya har da riƙe ciki a kan maganar jaka. Malam Habu, na ji nasiha. Mun yi magana da shi, ya ce teburin abinci ba kwalba, shi ma bai so a ce ya sa ni cikin damuwa ba. Takarda ta dawo gona uku: Babylonstoren tare, Kanonkop shi kaɗai in sauke shi in wuce gari, Lahadi kuma Somerset West. Biza da katin allurar shawara suna hannu.

Yaya Bilkisu, saura tsaraba. Uwargida ta ce kada in dawo mata da hoton akuya a kan hasumiya kawai.

Bilkisu Zazzau

Ta yi gaskiya. Shayin rooibos, a babban kanti ka saya ba a shagon gona ba, abu ɗaya ne kuɗin ne ya bambanta. Man zaitun na gwangwani, don kwalba na iya fashewa a kan shaddarka. Busassun 'ya'yan itace, da haɗin kayan ƙamshin bobotie daga shagunan Bo-Kaap, in ta gwada sau ɗaya za ta riƙa aikenka. Ka sayi abin haɗa caja tun a filin jirgi, soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne zagayayyu, namu ba ya shiga.

Ranar Juma'a bayan an sallame, ka tambayi na kusa da kai a sahu wace ce ke yin koesister ranar Lahadi. Ƙulli ne mai kirfa da citta da ake soyawa, a tsoma a ruwan sukari mai zafi, a birkiɗa a kwakwa, kuma al'adar Musulmin Cape ce a ci shi da kofi da safiyar Lahadi. A gidaje mata ke sayarwa, mutane na zuwa da robarsu. Kada ka ruɗe da koeksister na kanti mai kitso, wannan daban ne, sanyi gare shi da tauri. Ka je da wuri, kafin tara an sayar an wanke tukunya, kuma ka sayo da na Bulus.